Alimeti a Allon Gidanmu

Ta hannun Yaya Babba allon wasan haɗa kalmomi ya shigo gidanmu. Wata 'yar bautar ƙasa da aka turo makarantarsu ce ta bar mata shi ranar da za ta koma garinsu, wai kaya sun yi mata yawa. Yaya Babba ita ce babbarmu, malamar Hausa ce a wata sakandare a Gagarawa. Can take zaune da mijinta da 'ya'yanta, amma ba ta daɗewa ba ta shigo motar haya ta zo Gumel ta gaida mahaifiyarmu Hajiya ba. Wata Asabar ta sauko da kwali a hammata, ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ce ni da Yaya Ƙarami mu zo ta koya mana abin da zai raba mu da danne-dannen waya. Yaya Ƙarami shi ke bi mata, yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Sule Tankarkar, sai ƙarshen mako yake dawowa a babur. Ni ce auta. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba ni da aikin da ya wuce wanke-wanke da neman rigima.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Allo ne mai ƙananan gidaje, da jaka cike da 'yan katakai, kowanne da harafi a fuskarsa da 'yar lamba a gindi. Kowa ya zura hannu ya ɗebo bakwai ba tare da ya leƙa ba, ya jera su a ɗan bencinsa, ya yi ta jujjuya su har kalma ta fito, sannan ya ɗora ta a allo ta sarƙe da wadda ta riga ta. Lambar nan ita ce maki. In harafinka ya hau shuɗin gida, makinsa ya ninka uku. In kalmarka ta taɓa jan gida, ita duka ta ninka uku. Wanda kuma Allah ya ba sa'a ya zubar da bakwai ɗin nan a tashi ɗaya, sai a ƙara masa hamsin. Mu muka raɗa wa wannan suna gyara, irin wadda mai awo ke yi maka in ka cika masa ciniki.

Da Turanci muka fara, tunda don shi aka ƙera abin, kuma sam bai yi armashi ba. Rabin wasan a musu yake tafiya, kowa ya zaro waya yana neman shaida. Hajiya tana rumfarta tana ɓarar gyaɗa, ta saurara har ta gaji, ta ce ita ba ta ga dalilin da za a zauna mata a tsakar gida ana faɗa da yaren da ba ta ji ba, in zaginta ma ake yi ba ta sani ba. Yaya Babba ta cire tabarau ta dube mu ta ce, "To me zai hana mu yi da Hausa?"

A nan muka gane wanda ya tsara jakar nan bai taɓa jin Bahaushe ya buɗe baki ba. K guda ɗaya tal! E kuwa duk inda ka sa hannu shi za ka damƙo, A da muke nema ruwa a jallo bai taka kara ya karya ba. Ga wasu haruffa da ba mu da abin yi da su, alhali babu Ƙ, babu Ɗ, babu Ɓ. Na ruga kemis na sayo filasta, irin wadda ake manna wa ciwo, muka yayyanka muka liƙe waɗanda ba ma so, muka rubuta namu da biro. Q ya koma Ƙ, ya gaji makinsa goma. V ya koma Ɗ, P ya koma Ɓ, yawancin E suka zama A da K. Muka bar kaɗan daga cikinsu, don Yaya Babba ta ce wasa ba ya daɗi in babu abin da zai tsaya wa mutum a wuya. Ba a jima ba muka lura Yaya Ƙarami yana daɗewa da hannu a jaka, ido a lumshe kamar mai addu'a, ashe laluben masu filasta yake yi. Dole na zauna na liƙe su duka, na sake rubuta kowanne, har yatsuna suka yi tsami.

Wayyo daɗi! Ban san Hausa tana da wannan arziki ba sai da na fara juya ta a ɗan benci. Ka ga GARI, ka motsa shi ya zama RIGA, ka sake motsawa ya zama GIRA. ƊAKI ya koma KIƊA. ƘASA ta koma SAƘA. WAƘA ta koma ƘAWA. Abin ya shiga kaina har ya fi ƙarfina. In na ga rubutu a bangon shago sai na wargaza shi, in ana yi mini magana sai in kama kalma ɗaya in tafi da ita, mai maganar yana can yana zuba. Har a kan sallaya, Allah ya yafe mini, haruffa suna zuwa su jeru a gabana.

Saura alƙali. Ba mu da ƙamus a gidan, na Yaya Babba yana makaranta, ita kuma ba za ta yi wasa ta yi hukunci ba. Sai muka naɗa Hajiya. Hajiya ba ta yi boko ba, karatunta na Alƙur'ani ne, ba ta ma kallon allon. Dokar ita ce, in aka yi gardama a kan kalma, sai a ɗaga murya a faɗa mata. In ta sa kalmar a cikin magana, ta zauna. In ta ce "ban san ta ba," ta mutu, mai ita ya kwashe haruffansa, zagayen ya wuce shi, babu ɗaukaka ƙara. Hajiya ta karɓi muƙamin hannu biyu, domin ta samu hanyar wanke mu. Na taɓa sa RAGUWA, aka kai mata, ta ce, "Raguwa ita ce wadda tukwane ke jiranta tun azahar." Yaya Ƙarami ya sa ROWA, ta ce, "Rowa ita ce mutum ya je kasuwar Maigatari ya dawo wa uwarsa hannu rabbana." Yaya Babba kaɗai ke tsira, don 'yar fari ce, Hajiya ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce Malama.

Kuma Malamar nan ba a taɓa cin ta ba. Ko sau ɗaya. A hankali take wasa, tabarau a karan hanci, ta riƙe Ƙ a bencinta ta yi ta lallaɓa shi har shuɗin gida ya buɗe, ta dire shi tana cewa bismillah. Wannan bismillah ɗin ta sha hana ni cin abinci.

Ana cikin haka aka kawo wa Yaya Ƙarami amarya daga Maigatari. Mahaifinta ɗan can ne, amma a wajen kakarta ta girma a Damagaram, can ta yi makaranta, sai da ta zama budurwa ta dawo gidan ubanta. Doguwa ce, mai saurin dariya, mai saurin magana, a kwanakinta na farko gidan har ya ƙara haske. Amarya muke ce mata har yau, ni kuma in ina son tsokana in ce matarmu. Hausarta tamu ce, sai dai jefi-jefi wata kalma ta faɗo wadda ba mu saba da ita ba. In an kawo wuta ta ce an kawo kuran. Makaranta lakwal ce. Muna dariya, ita ma tana yi, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Sai ranar da Yaya Babba ta zo da mijinta ganin amarya. Shi ma malamin makaranta ne, mutum mai kamala, ga biro a aljihu. Ya gaisa ya fita zaure. Amarya tana son ta faranta wa yayar mijinta rai, ta dube ta da fara'a ta ce, "Ashe maigidan Yaya mushe ne? Ai da ganinsa ka ga mushe!"

Kowa ya juyo ya dube ta. A wajensu mushe shi ne malamin makaranta. A wajenmu kuwa kowa ya san mushe: dabbar da ta mutu ba yanka, wadda ake ja a kai bayan gari. Yaya Ƙarami ne ya fara ganewa, ya so ya yi bayani dariya ta hana shi, har yana riƙe bango. Da aka warware zancen, Yaya Babba ta gyara mayafi ta ce, "To madalla. A nan gidan dai Hausa ake yi." Ba da zafi ta faɗa ba, amma ta faɗa. Kafin sati labari ya zaga unguwa. A gidan suna mata suna tare Amarya suna cewa don Allah ta maimaita abin da ta ce wa mijin Malama.

Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Gaisuwa, "to," "an gama," "sai da safe." In dole ta yi doguwar magana, sai ka ga tana auna kowace kalma kafin ta sake ta, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A ɗakinta kawai, in daga ni sai ita, take komawa yarinyar da aka kawo. Abin ya dame ni ƙwarai. Ni mutum ce mai son hayaniya, ga abokiyar hayaniya Allah ya kawo mini har gida, an rufe mata baki.

Wata Asabar muna wasa, ina riƙe da ƘARAMI a bencina, amma duk inda na gwada shi Ƙ ba ya hawa shuɗin gida. Na juya, na juya, na fara gumi. Amarya ta zo wucewa ta bayana da faranti, ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Maraƙi." Na dubi bencin. Haruffan nan shida ne dai, ba ƙari ba ragi! Na tura Ƙ ciki, ya sauka daram a kan shuɗi, na yi ihun da ya sa kaji suka watse. Yaya Babba ta leƙo ta saman tabarau ta ce yau kuma Auta da kanta ta zo.

Da aka tashi na bi ta madafi na tsare ta. Ta ce ba komai ba ne, tun tana ƙarama take yi. In sun zo hutu Maigatari ran kasuwa, sai ta zauna a ƙofar gidansu tana karanta rubutun jikin manyan motocin da ke lodin shanu, ta karanta daga gaba, ta karanta daga baya, ta fasa shi ta gina wani. Na kawo jakar na zuba mata bakwai a kan murfin tukunya. Kafin in gama daidaita su ta faɗi kalma uku. Na sake zuba wasu, ta sake. Wallahi tsigar jikina tashi ta yi. Na ce, "Matarmu, ke ce za ki kayar mini da Malama."

Da ƙyar na jawo ta tabarma zuwan Yaya Babba na gaba. Ta fara da kyau, har ta manta kanta. Can E ya maƙale mata tare da L biyu, haruffan da mu kan rasa inda za mu kai su, sai kawai ta shimfiɗa LAKILE. Yaya Babba ta ce, "Mene ne kuma wannan?" Ta ce makulli. Yaya Ƙarami ya ƙyalƙyale, 'ya'yan Yaya Babba suka ɗauka, wani ya ce saura mushe. Ni lissafin makin nake yi, ban ɗago ba sai da na ji ƙarar katakai. Ba ta jira an kai wa Hajiya ba. Ta kwashe haruffanta ta zuba a jaka, ta ce tukunyarta tana ƙonewa. Duk mun san ba ta ɗora komai ba.

Watanni suka wuce ba ta sake zama ba. Amma a tsakiyar mako, in Yaya Ƙarami yana Sule Tankarkar, sai in ɗauki allon in shige ɗakinta, ta yi ta lallasa ni tana dariya. Kullum sai na roƙe ta, kullum sai ta ce a'a. Ran nan dai, damina ta ja baya, an fara kawo sabuwar gyaɗa, na matsa mata har ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Sau ɗaya," ta ce. "Kuma da Hausar Gumel zalla zan yi. In aka sake yi mini dariya, Auta, wallahi ko kallon tabarmar nan ba zan ƙara ba. Kuma kada ki sake tambayata abin da ya sa ba na magana a gidan nan."

Na ce na yarda. Na fita ina sane da cewa ba wasa take yi ba.

Asabar ta zo, Yaya Babba ta sauka da ƙullin zoɓo da riɗi daga Gagarawa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma. Na ce kaina yana ciwo, yau Amarya za ta zauna a wurina. Yaya Ƙarami ya ce shi ma ya fasa, zai riƙe maki ya yi kallo. Ya zama su biyu ke nan, gaba da gaba. Yaya Babba ta yarda in zauna a bayan Amarya bisa sharaɗin ko tari na yi an kore ni. Hajiya tana rumfa da tiren gyaɗarta.

Yaya Babba ta buɗe da ZUCIYA. Amarya ta rataya HAƘURI a jikin U, Ƙ ya hau shuɗi. Yaya Babba ta ɗago ta dube ta, ta gyara zama. Daga nan wasa ya ɗau zafi. Ban taɓa ganin Malama tana cizon leɓe a kan allo ba sai ranar. Ta sa BOKITI, Amarya ta sa JAKA ta toshe mata hanyar jan gida. Ta sa TEBUR, Amarya ta sa ƊAKI a kusurwa ya ninka uku. Ni kuwa a baya na cusa gefen mayafi a baki. Ina ganin bencin Amarya sarai. Sau da yawa yatsunta za su jera wata kalma da ban sani ba, ta dube ta, ta wargaza, ta sa wata ƙarama wadda ba mai musu a kanta. Maki take zubarwa da gangan, ina gani, ba halin magana.

Can Yaya Babba ta jujjuya haruffanta, sai na ji "bismillah." Ta shimfiɗa MAFARKI, bakwai cif, ta karɓi gyara. Na ji kamar in yi kuka. Amarya ta ci gaba da bin ta a hankali, nan ta ci, can ta ci, har tazarar ta ragu. Amma ba ta rufe ba. Rana ta yi sanyi, jaka ta ƙare, Yaya Ƙarami ya ce Malama tana gaba da arba'in da wani abu. Yaya Babba ta jefa YA a wani fili don ta rabu da Y, ya rage mata harafi biyu a benci. In Amarya ba ta yi wani abu yanzu ba, zagaye na gaba an tashi.

Na leƙa bencin. T, I, L, E, M, A, I. Tarkace! Ba mai maki ko ɗaya, ga E ya zo ya zauna. Na juya su a kaina ta kowace fuska, MITA kawai nake gani, ko LITA, ba wadda za ta kai ko'ina. Na saki mayafin, na ce a raina shi ke nan, an yi ƙoƙari.

Sai yatsun Amarya suka motsa. A ya dawo gaba, L ya bi shi, I, M, E, T, I. Duka bakwai suka jeru, ba wanda ya rage. Ban san kalmar ba, amma na san kalma ce, don na ga yadda numfashinta ya tsaya. Ta dubi YA ɗin da Yaya Babba ta jefa: akwai gida a gabansa, ga fili fetal daga nan har ƙasa. Sai ta sa hannu ta wargaza su. Ta ware M da I da T da A ta ɗauka. Hannun ya tafi har saman allo ya tsaya. Zuciyata kamar ta fito. Na san abin da ta yi rantsuwa a kai, na kuma san abin da ke bencin nan, ban san wanne zan roƙa mata ba.

Ta mayar da su. Ta ce, "Yaya, in kalma ta faɗi, me ake yi wa mai ita?"

"Ta kwashe, zagaye ya wuce ta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ɗauki A ta ajiye a gaban YA, ya zama AYA. Sannan ta gangaro da sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar ƙararsa. ALIMETI. Benci ya zama wayam.

Na manta da sharaɗi, na miƙe tsaye ina ihu, "Gyara! Gyara! Bakwai cif!" Yaya Ƙarami ya buɗe baki zai yi dariya, na watsa masa harara, ya mayar da ita tari. Yaya Babba ta karanta kalmar a hankali, ta cire tabarau.

"Amarya, wannan ai Faransanci ne."

Amarya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa dama a cike nake. Na ce, "BOKITI fa, Yaya? TEBUR fa? A gonar wa aka shuka su? Naki Turancin ya zama Hausa, nata Faransancin ne bai zama ba?"

"Auta, ki iya bakinki," in ji Yaya Babba. Ta sake duban allon da kyau, don ita mace ce mai gaskiya ko da a kanta ne. Sannan ta ce, "Ba ni zan yanke ba, ba ke za ki yanke ba. Ga mai hukunci can."

Yaya Ƙarami ya juya wajen rumfa ya ɗaga murya. "Hajiya, alimeti!"

Hajiya ta dakata da ɓara. "Me?"

"A-li-me-ti."

Ta juya kalmar a baki, ta girgiza kai. "Ban san ta ba."

Doka doka ce, mu muka kafa ta. Ba wanda ya yi dariya, amma shirun ya fi dariyar ciwo. Amarya ta miƙa hannu za ta fara kwashewa.

"Dakata," in ji Hajiya. "Wa ya sa ta?"

"Amarya ce."

Hajiya ta ture tiren gyaɗa gefe. Tunda aka fara wasan nan a gidan ba ta taɓa tambayar mai kalma ba. Ta ce, "Amarya, mene ne shi a wajenku?"

Muryar da ƙyar ta fito. "Ashana ce, Hajiya."

"Ashana." Hajiya ta gyaɗa kai. Ta dubi sama, ta kai wa ƙafarta duka kamar wani abu ya cije ta. Sannan ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To ga sauro ya fara fitowa. Tashi ki ɗauko mini alimeti in kunna magani."

Sai da na ɗan daskare kafin abin ya shige ni. Ta sa ta a magana! Na daka tsalle na faɗa kan Amarya na rungume ta, allon ya kusa kifewa. Yaya Ƙarami yana haɗa maki yana kuskurewa yana sakewa. Yaya Babba ta buɗe baki ta ce, "Amma Hajiya, yanzu kika ce..." Hajiya ta ce, "Ɗazu ban san ta ba, Malama. Yanzu na san ta." Yaya Babba ta dubi Hajiya, ta dubi allon, sai murmushi ya ƙwace mata. Ta kife haruffanta biyu ta ce, "Amarya, kin ci. Wallahi kin ci. Amma ki shirya, ina dawowa."

Amarya ta zame daga hannuna ta yi madafi da sauri tana goge ido da bakin zani. Muna jin ta tana ɗaga kwanuka, tana jan gwangwanaye. Can sai ga muryarta ta cika gidan, irin wadda sai a ɗakinta nake ji, har maƙwabta na tabbata sun ji.

"Auta! Wa ya ƙarar da alimetin nan ya mayar da kwalin wofi?"

Na ce wallahi mijinta ne, da shi yake sakace. Hajiya ta ce to shi da ya ƙarar shi zai sayo, ya tashi tun ba a kira magariba ba. Yaya Ƙarami ya miƙe yana neman takalmi, ya kai bakin zaure ya juyo, tsokana ba ta bar shi ba.

"Hajiya, in na je me zan ce wa mai shago?"

Hajiya ta jawo tirenta ta ci gaba da ɓara.

"Ka ce alimeti. In bai sani ba, ya zo ya tambayi 'yata."